ƘARAMAR BINDIGA A JAKAR 'YAR UWA: KARIYA CE KO GUDUN NAUYI?

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne wata muhawara da ta ɓarke a majalisarmu a nan Gusau, ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wani ɗan uwa, mutumin ƙasar Tsafe, ya zaro wayarsa ya nuna mana bidiyon wata Ba'amurkiya a shagon sayar da makamai, ana jera mata ƙananan bindigogi tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen takalmin Sallah, mai shagon yana duba wadda yatsanta zai kai ga kunamarta. Da ya gama nuna mana sai ya ce, "Wallahi tara kuɗi nake yi. Ƙanwata tana karatu, kullum tana kan hanyar Tsafe zuwa Gusau, ga ta da ɗan ƙaramin hannu. Ku ba ni shawara, wace iri zan nema mata wadda za ta shige jaka a ƙarƙashin hijabi?" Wasu suka yi dariya, wasu suka yi kabbara. Ni kam jikina sanyi ya yi, domin na san bawan Allahn nan ba wasa yake yi ba, na kuma san abin da ya kai shi ga wannan tunani.

Wa zai ga laifinsa? A ranar 26 ga Fabrairun 2021 ɓarayin daji suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe suka kora 'yan mata 279 cikin daji. A Afrilun 2022 suka shiga garin Tsafe cikin dare suka ɗauke ɗalibai mata na Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya daga gidan da suke haya. A Afrilun 2023 suka tattara kimanin mutum 80 a Wanzamai, galibinsu mata da yara da suka shiga daji neman itace. A ranar 22 ga Satumbar 2023 suka dira Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu, suka fasa gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da sama da mutum 20, mafi yawansu mata, wasunsu sai da suka shafe watanni a hannun azzaluman nan. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Waɗanda aka ɗauka a gona da bakin rafi da cikin ɗakin aurensu, ba rediyo ba jarida, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Duk namijin da ya ji wannan zuciyarsa ba ta tafasa ba, to ya binciki kansa.

Kuma wannan tunani na neman bindiga, su mahukunta ne da kansu suka shuka shi a zukatan jama'a. A shekarar 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A ranar 26 ga Yunin 2022, bayan hare-haren da aka kai yankunan Mada da Wonaka da Ruwan Ɓaure da 'Yandoto, gwamnatin Bello Matawalle ta ba da sanarwa ta bakin Kwamishinan Watsa Labarai, Ibrahim Dosara, cewa duk wanda ya cancanta ya nemi lasisin riƙe bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umurni. Wannan ya ce ku ɗauka, wancan ya ce kada ku kuskura, talaka bawan Allah yana tsakiya kamar ɗan akuya tsakanin kura da mahauci. To a irin wannan ruɗani ne ɗan uwanmu ya ga ba shi da mafita illa ya nema wa ƙanwarsa abin da za ta ɓoye a jaka.

Ni dai ra'ayina, kuma zan faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba, wannan shawara ba za ta kare yarinyar nan ba, hasali ma tana iya jefa ta cikin bala'in da ya fi wanda ake gudar mata. Ga dalilaina, mai karatu ya auna da kansa.

Na farko, doka. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai bindigar toka irin ta maharba, wadda lasisinta yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda lasisinta yake hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Sai kuma rukunin da aka haramta, wanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsa. A ina kake zaton aka sa fistol da libarba? A cikin rukuni na uku aka sa su, jere ɗaya da bama-bamai da bindigogi masu sarrafa kansu. Wato ko da a ce fom ɗin nan na 2022 ya yi aiki, ba zai ba kowa izinin ƙaramar bindigar aljihu ba. Hukuncin wanda aka kama da irinta ba izini kuwa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Yanzu ɗan uwa ka ƙirga shingayen bincike da ke tsakanin Tsafe da Gusau, ka kuma tuna cewa jami'an tsaro a jihar nan sun sha kama mata da ake zargi da yi wa ɓarayi safarar harsasai, don haka idonsu yana kan jakar mace. Ran da aka zazzage jakar ƙanwarka aka ga fistol, wa zai tsaya ya ji cewa yayanta ne ya saya mata don ƙauna? Sunan da za a kira ta da shi a gaban 'yan jarida shi ne 'yar aiken ɓarayi. Ka guje mata daji, ka kai ta kurkuku da hannunka. Sannan da yake ba shagon halal da zai sayar maka, a wurin wa za ka saya? A wurin dillalin nan dai da yake sayar wa ɓarayin. Kuɗin da ka tara da gumi sun koma jarin masu kashe mu.

Na biyu, ita kanta bindigar. Bidiyon da ɗan uwanmu ya gani daga Amurka yake, ƙasar da tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, inda kwana 3 kacal kafin sanarwar Gusau, wato 23 ga Yunin 2022, Kotun Ƙolinsu ta yanke hukuncin cewa mutum yana da haƙƙin fita da ƙaramar bindiga bainar jama'a don kare kansa. Can kamfanoni suna gasar ƙera bindigogi don masu ƙaramin hannu, irin su Glock 43 da ta fito a 2015, da SIG P365 da Shield EZ na 2018. Amma su kansu masu koyar da harbi a can sun yarda da wani abu da mai shago ba ya son faɗa: ƙanƙantar bindiga ba sauƙi ba ce. Bindiga in ta tashi tana shurin baya, kuma nauyinta ne ke shanye wannan shuri. Wadda nauyinta bai wuce rabin kilo ba, duk shurin a tafin hannu da wuyan hannu yake sauka. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Bakinta gajere ne, saiti yana da wuya, hannu ya ɗan karkace kaɗan harsashi ya bi iska. Mai ƙaramin hannu kuma tana da ƙarin matsala biyu, wato ko yatsanta zai kai kunama ba tare da ta murɗe riƙon ba, da kuma ko tana da ƙarfin ja da saman bindigar baya don ɗora harsashi. In an ce a koma libarba don gudun wannan, ita kuma kunamarta tana bukatar matsi na kusan kilo 5 kafin ta tashi. Shi ya sa mace a can sai ta gwada iri-iri a filin koyon harbi, ta ƙona ɗaruruwan harsasai a gaban malami, ta riƙa komawa a kai a kai don kada hannu ya manta. To a Gusau ko Bungudu ina filin? Ina malamin? Ina harsasan gwaji? Yarinyar da ba ta taɓa jin ƙarar bindiga a tafin hannunta ba, ran da za ta fara harbi shi ne ran da mutuwa ke tsaye a gabanta, cikin duhu, jiki yana rawa.

Na uku, irin harin da ake kawo mana. An ƙera ƙaramar bindiga ne don ɓarawo ɗaya ko biyu da suka tare mutum a lungu, tsakaninsu taku kaɗan. Wannan shi ne tsoron Ba'amurkiya. Namu daban ne. Namu suna zuwa ne bisa babura masu yawa, biyu-biyu ko uku-uku a kowane babur, kowa da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kai wa mutum daga nisan mita 300. Glock 43 harsashi 6 take ci a gidanta. A ce ma yarinyar ta yi jarumta ta kayar da mutum ɗaya, sauran fa? Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san halin mutanen nan in aka taɓa ɗaya daga cikinsu, yadda suke hucewa a kan duk wanda ke wurin, su dawo su ƙone gari. Motar haya da aka tare a hanyar Funtuwa tana ɗauke da tsofaffi da jarirai. Harsashi ɗaya daga cikinta ya isa ya sa a buɗe wa motar wuta gaba ɗaya. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci.

Akwai na huɗu, wanda mu maza ba mu son a taɓo shi. Bindiga ba ta kwana a hanya, a gida take kwana. Gidajenmu kuwa ba irin na Turawa ba ne mai mutum uku da akwatin ƙarfe mai makulli. Gidanmu gidan yawa ne, yara goma suna shiga kowane ɗaki, suna buɗe kowace jaka suna neman alawa. Ga kishiyoyi, ga saɓanin miji da mata, ga matasan da ƙwaya ta ci musu hankali. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1993, ƙarƙashin jagorancin likita Arthur Kellermann, ya gano cewa gidan da ake ajiye bindiga haɗarin a yi kisan kai a cikinsa ya kusa ninki uku, kuma galibi wanda ya yi kisan ɗan gida ne ko sananne. Wani kuma na 2003, wanda Jacquelyn Campbell ta jagoranta a birane 11, ya nuna cewa matar da mijinta ke dukanta, in yana da hanyar samun bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau biyar. Ƙanwarka za ta yi aure gobe. Ka san hannun da bindigar za ta koma?

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, domin an faɗa mini shi a majalisar tun ban rufe baki ba. Za su ce ai Ummu Sulaim, Allah Ya yarda da ita, ta ɗaura wuƙa a ƙugunta ranar Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira, da nufin farke cikin duk wanda ya matso ta, kuma Manzon Allah (SAW) da ya ji bai hana ta ba. Za su ce Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalibi ta kashe ɗan leƙen asiri da sandar tanti lokacin yaƙin Ahzab, Nusaiba 'yar Ka'abu kuma ta riƙe takobi a Uhudu. Duk gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce mace ba ta da haƙƙin kare ranta da mutuncinta. Amma a dubi inda waɗannan bayin Allah suke tsaye. Ummu Sulaim tana tsakiyar runduna ce ta dubban maza, mijinta Abu Ɗalha yana filin dagar. Safiyya tana cikin ganuwa ce da aka tara mata da yara, maza suna bakin rami suna tsare gari. Makamin mace a wurinsu shi ne katanga ta ƙarshe, bayan maza sun kafa tasu katangar da jikinsu. Mu kuma so muke mu rushe duk katangun, mu miƙa wa yarinya 'yar shekara 19 ƙarfe mu ce ga ki ga Allah, mu koma majalisa mu ci gaba da shan shayi da musun ƙwallo. Wannan ai gudun nauyi ne aka yi masa ado da sunan sahabbai.

Ko a tarihinmu na nan kusa, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga hare-hare sun addabi iyakokin daula, ribaɗi ya kafa, garuruwa masu ganuwa da masu tsaro irin su Wurno, ya tara jama'a wuri guda, ya zauna tare da su. Tsaro aikin jama'a ne, kuma nauyin shugaba ne tun farko. Duk gwamnatin da ta ce wa talaka ya je ya nemi bindiga ta amsa da bakinta cewa ta gaza, kuma bai kamata mu karɓe mata wannan kaya mu ɗora a kan matanmu ba. Mutanen Tsafe ba su manta da Yulin 2022 ba, ƙasa da wata guda bayan an ce mu nemi bindiga, lokacin da aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto, mutumin da 'yan sanda ke nema ruwa a jallo, har sai da surutu ya yi yawa aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Yau sulhu, gobe yaƙi, jibi rufe layukan waya kamar yadda aka yi a Satumbar 2021. Wanda ya kamata mu riƙe wa wuya da tambaya shi ne mai riƙe da amanar, ta hanyar rubutu da magana da zuwa ofis a ƙungiyance, ba tare da gajiya ba.

To in ba bindiga ba, me za mu yi? Kada wani ya ce na hana ido barci ban kawo magani ba.

Mu koma kan hare-haren da na lissafa a sama. A Tsafe da Sabon Gida, ɗaliban da aka ɗauka a gidajen haya suke a wajen makaranta, inda ba katanga ba mai gadi. Wannan ya nuna mana inda ɓarakar take. Kuɗin da ɗan uwanmu ke tarawa don fistol, in ya sa su ya kama wa ƙanwarsa ɗaki a tsakiyar gari ko cikin makaranta, ya rage mata zirga-zirgar hanya, ya yi mata abin da bindiga ba za ta yi mata ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da iyaye su matsa wa hukumomin makarantu a gina isassun ɗakunan kwanan mata a cikin harabar da ke da tsaro. A Wanzamai itace ne ya kai mata da yara daji. Me ya hana samarin gari su ɗauke musu wannan aiki, su fita a ƙungiya da rana tsaka, ko a yi karo-karo a sayo itace da gawayi a mota? Abin kunya ne a ce ƙato yana kwance a ƙofar gida, uwarsa ko ƙanwarsa tana bakin daji da gatari.

Tafiya kuma a yi ta da lissafi. Kada a bar mace ta kama hanyar Gusau zuwa Funtuwa ko ta Sakkwato da sassafe ko bayan La'asar sakaliya. A tambayi direbobi a tasha halin da hanya ke ciki kafin a hau. A tabbata wayarta da caji da kati, kuma akwai wanda ya san motar da ta shiga. Kowace unguwa ta san lambobin da za ta kira da alamar da za ta yi in an ga baƙin babura. Sannan mu tsare bakinmu, domin ɓarawon daji bai san ɗakin da amarya take ba sai ɗan gari ya nuna masa. Infoma a cikinmu yake, wani lokaci a majalisarmu yake zama, kuma hirar "wance ta dawo hutu" ko "an kai kuɗin auren wance" ita ce hajar da yake sayarwa.

Wanda kuma yake jin ƙarfi a jikinsa, yana ganin sai ya riƙe makami, to ya bi ƙofar da doka ta buɗe. A Janairun 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum sama da 2,600. Wanda ya shiga irin wannan aiki ya ji tsoron Allah, ya tuna abin da ya faru a baya lokacin da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yanka mutane a kasuwanni don kawai kamanninsu, abin da ya ƙara wa wutar nan fetur. Bafulatanar da ke tallar nono a kasuwar Tsafe ita ma ƙanwar wani ce, mutuncinta daidai yake da na ƙanwarka. Wanda ya ci zarafinta da sunan ramuwa ba shi da bambanci da wanda muke kuka da shi.

Abu na ƙarshe, kuma a ganina a nan ne za a gane namijin gaske. Waɗanda aka ɗauka suka dawo fa, yaya muke karɓarsu? Mun san yadda ake nuna su da baki, yadda manemi ke janyewa a hankali, yadda wani mijin ke kasa haɗa ido da matarsa. Yarinya ta tsira daga daji ta faɗo cikin wani dajin na harsunanmu. Ba ta da laifin komai, mu da muka kasa tsare ta mu ne da abin kunya. Duk wadda aka ci zarafinta a gaggauta kai ta asibiti, domin maganin riga-kafin cutar ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, kuma a rufa mata asiri. Kai saurayi mai kabbara a majalisa, in da gaske kake kishin 'yan uwanka mata, ga fagen nuna jarumta: ka nemi auren wadda ta dawo, ka riƙe ta da daraja, ka sa ƙafa ka take bakin masu gulma.

Ɗan uwana na Tsafe, na san da kai da ire-irenka za ku karanta wannan. Ban raina ƙaunar da kake wa ƙanwarka ba, ita ce ma ta sa na yi wannan dogon rubutu. Hannunta ƙarami ne, ka ce. To ka bar mata shi ta riƙe alƙalami da littafi, kai ka tashi ka ɗauki nauyin da Allah Ya ɗora maka, ka kuma tashi sauran 'yan majalisa.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya tona asirin duk mai hannu a cikin wannan ta'asa komai girman rigarsa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.